Wanda Bai Ci Ragon Ba

Ranar Laraba muka tashi daga Timsal, ranar da ake cin kasuwa a tsallaken rafi, kasuwar da ba wanda ya iya zuwa a cikinmu. Dusar ƙanƙara ta kwana tana sauka, da safe ta tsaya, sai iska mai yanka kunne ke gangarowa daga kan duwatsu. Dadda Haddu, wani dattijon ƙauyenmu, ya fito daga gidansa sanye da jallabiyar ulu biyu, ɗaya kan ɗaya, ya ɗaure katako a bayansa kamar mai goyo.

Katakon na gadarmu ne. Ambaliya ta tafi da gadar tun shekarun baya, abin da ya rage ke nan, guntun itacen al'ul mai tsawon hannu da ƙusa biyu a jikinsa. Tun daga lokacin, da zarar rafi ya cika mun zama a rufe. Ba kasuwa, ba asibiti. An je wurin hukuma an roƙi sabuwar gada, an dawo, an sake komawa. Sai tsohon ya ce shi da ƙafa zai kai katakon nan birni, ta tsohuwar hanyar alfadarai da ke zagaye bayan duwatsu, ya jingine shi a ƙofar ofishin gwamnan lardi, ya tsaya kusa da shi har wani ya fito ya tambaye shi na mene ne.

"Ka bari mana sai zafi ya shigo," in ji ƙanwarsa Lalla Itto.

"Da zafi kowa ma yawo yake yi, Itto. Wa zai kalli tsoho yana tafiya a rana? Cewa za su yi jakinsa ne ya ɓata."

Da ta ga ba zai fasa ba, sai ta karɓe shirin tafiyar gaba ɗaya. Ita ta raba aiki. Ɗanta Zayid zai ja alfadari da barguna. Si Yunus, malamin makarantarmu, zai riƙa ɗaukar hoto yana watsawa ta waya. Samari kaɗan za su taka wa tsohon baya. Wurin kwana kuwa ba ta damu da masu gari ko limamai ba. Ta ce babu ƙauyen da ke kan hanyar nan da ba a kai wata 'yar Timsal aure ba, kuma duk ta san su da sunan uwayensu. Abin da ake bukata shi ne mutum ɗaya ya riƙa yin gaba da kwana guda, yana nemo matan nan, yana shirya masauki.

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonta ya tsaya a kaina.

"Iddir. Kai da ba ka taɓa ɗumama tabarma ba. Yau dai ƙafarka ta samu aiki."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Gaskiya ta faɗa. Na bar makaranta tun ban gama haɗa baƙi da kyau ba. Na zauna wurin bakanike a Bani Malal, na gudu. Na tsinki tumatir a gonakin Agadir da ake rufewa da leda, na gudu. Ban taɓa barin wuri don an kore ni ba. Kawai wata safiya sai in ji ƙirjina ya cushe, in ɗauki jakata. Amma da na kalli katakon nan a bayan Dadda Haddu, sai na ce a raina wannan karon ina so in ga ƙarshen abu da idona.

Aikin ba wuya a faɗe. In isa ƙauye, in tambayi gidan da wance 'yar wance take. In miƙa mata dunƙulen sukari daga Lalla Itto. In ce gobe mutanen gida suna tafe, ana son ɗaki, da wuta a murhu, da ruwan zafi mai gishiri don ƙafafun tsoho, da sha'ir na alfadari. In ƙara da cewa kada a sa wa Dadda Haddu sukari a shayi ko ya roƙa. Babu wadda ta taɓa cewa a'a. Wasu tun kafin in rufe baki sun fara kuka, suna tambayar ko bishiyar tuffan ƙofar gidansu tana nan.

Sai dai lokacin sanyi mazan ƙauyukan nan duk suna birane wurin aikin gini. Ba namijin da zai zauna da baƙo. Akan kai ni ɗakin baƙi, a ajiye mini burodi da man zaitun da kunun sha'ir, a ja ƙofa. Ina jin muryoyin mata da yara ta bango, ni kuma ina ci ni kaɗai ina kallon bargunan da aka jera wa waɗanda za su zo gobe. Da safe, kafin su iso, na kama hanya. Ɗakin da na sa aka ɗumama, ban taɓa ganinsa cike da mutane ba.

Sai a waya nake ganinsu, in na hau tudu na samu layin waya. Si Yunus yakan sa hotonsu sun zagaye kwano ɗaya, hannuwa a cikin kuskus, Zayid ya buɗe baki yana dariya, katakon a jingine a bango kamar shi ma baƙo ne. Nakan tsaya cikin iska ina ƙara girman hoton da yatsa, ina gane bargon da na shimfiɗa da hannuna.

Lalla Itto takan kira.

"Ɗan yawo, kana ina?"

"Ina gaba, Lalla."

"Ai na san ba ka baya. Matar jiya ta ce ka cinye mata rabin tulun man zaitun."

"Ita ta ce in ci."

"Kowa haka yake cewa, ba a ɗauka da gaske. Ka sa safa biyu?"

A bayan muryarta nakan ji tarin Dadda Haddu. Da farko gajere ne. Daga baya ya zama irin wanda mutum ke tsayawa ya dafa bango.

Wani ƙarshen mako wasu 'yan birni suka zo da mota da riguna masu launin lemo, suka taka tare da tsohon har la'asar, suka rungume shi, suka koma. Ban gan su ba, a hoto na gani. Samarinmu ma suka fara raguwa, wannan uwarsa ba lafiya, wancan takalminsa ya yage. Sau ɗaya tak na hango tawagar da idona, daga wani gangare zuwa wani. Ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe a kan fari, na gaba ya ranƙwafa. Na ɗaga hannu na yi ta kaɗawa. Ba wanda ya ɗago kai.

Wurin da kowa ke tsoro shi ne mashigin dutsen da ke tsakanin Anfad da Igarman. In an wuce shi, sauran hanya gangara ce har birni. Na shirya musu masauki a Anfad, na haye ni kaɗai. Ƙanƙara ta kai mini gwiwa, wani wurin cinya. Na ɗaura tsumma a jikin duwatsu inda hanya ta ɓace, don su gani.

'Yar Timsal da ke Igarman tsohuwa ce tukuf, Lalla Tuda. Tun da aka kawo ta ba ta sake komawa gida ba. Ta riƙe dunƙulen sukarin a ƙirji ta ƙi ajiyewa.

"Haddu wanne? Haddu mai kunne?"

"Kunnensa dai kamar na kowa, Lalla."

"To ya girma ya cim musu. Tare muka yi kiwon awaki. Matsoraci ne na ƙarshe, in ya ga kare sai ya ɓuya a bayana. Shi ne yau yake tafiya birni da ƙafa?"

Ita ce ta farko da ta zauna tare da ni, ko da yake ba ta ci ba, ta ce haƙoranta sun riga ta tafiya. Ta yi ta tambayata mutane. Duk wanda ta ambata sai in ce ya rasu, har na fara jin kunya, na koma cewa ban san shi ba. Washegari ban wuce gaba ba. Na ce wannan karon zan jira in ga sun sauko lafiya. Ta sa jikarta ta yanka kaza ɗaya daga cikin ukun da take da su, ta fito da mayafin da ta ce tun bikin ɗanta ba ta sa ba. Muka zauna a bakin ƙofa muna kallon dutse.

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Ba layin waya a Igarman. Ta mayar da tukunya kan wuta, ta sauke, ta sake mayarwa.

"Ko ya ga kare ne," in ji ta. Ba ta yi dariya ba.

Da gari ya waye na koma ta inda na fito. Tsummokarana suna nan yadda na ɗaura su, ba sawun kowa sai nawa da iska ta kusa shafewa. Tun a saman dutsen na daina jin yatsun ƙafata ta hagu. Na yi ta tunanin zan same su a wani lungu sun ƙame. Ban same su ba.

A bakin Anfad, inda hanya ta matse tsakanin katanga biyu, na ga jini a kan ƙanƙara. An ja shi daga wannan bango zuwa wancan, ya daskare ya yi baƙi-baƙi. Gefe guda ga igiya da kashin tumaki. Ban bukaci a gaya mini ba. An yi wa tsohon abin da muke kira ar. In mutum ya yanka dabba a gaban ƙafarka ya roƙe ka abu da sunan Allah, ba ka tsallake jinin. Kakana ya ce wanda ya tsallake, abin yakan bi shi har 'ya'yansa. Duk wanda ya ci naman kuma ya zama shaida, shi ma ya ɗauru.

Na zata wani babba ne ya aiko a tare mu. Da wannan fushin na tura ƙofar ɗakin.

Ɗumi ya buge ni a fuska. Ga su duka a zagaye da babban kasko, nama da albasa da busasshen inabi, tururi yana tashi. Daidai yadda nake gani a hoto, har da wurin da Zayid yake zama.

"Ga ɗan aike ya dawo," in ji Zayid. "Wa ya aike ka baya kuma?"

"Wa ya yanka?"

Si Yunus ya sunkuyar da kai yana goge gilashinsa. Sai na lura mayafin Lalla Itto da ƙaya ta maƙale shi. Manyan allurai biyu na azurfa da take maƙale shi da su, na gadon uwarsu, babu su.

"Ni ce," ta ce. "Na ba mai gidan nan azurfata ya ba ni rago, Zayid ya yanka. Zauna, kana ɗigar da ruwa a kan shimfiɗar mutane."

"Lalla, mashigin nan kawai ya rage, sauran gangara ce. Na ɗaura alama a hanya. Lalla Tuda ta yanka kaza."

"Jini yake tofarwa, Iddir. Shekaranjiya na gani a ƙanƙara, ya sa ƙafa ya rufe, yana zaton ni makauniya ce. Na roƙe shi da baki, ya ce in koma gida in yi saƙa. Rafin nan ya ci mijina. Ba zan ƙara masa da yayana ba don a samu hoto mai kyau."

Dadda Haddu yana can jikin bango, an naɗe masa ƙafafu da tsumma, ya juya wa kaskon baya. Ya rame har kunnuwansa sun fito, na ga abin da Lalla Tuda take nufi. Katakon yana kwance kusa da shi.

"Dadda," na ce.

"Kada ka dube ni. Na ci. Loma ɗaya, amma na ci." Muryarsa ta dushe. "Da baƙo ne ya yi mini, da na san abin da zan ce masa. Wadda na goya a bayana ce."

"Ka goya ni ka kuma yar da ni a cikin rafi, ban manta ba," in ji Lalla Itto. Ta juyo gare ni, ta matsa gefe ta buɗe mini wuri tsakaninta da Zayid. Ta tsamo tsoka mai laushi daga kafaɗar ragon, ta ajiye a gefen kaskon da ke fuskantata, ta gutsuro burodi mai zafi.

"Zo ka ci, ɗana. Kai ka fi kowa shan wuya, kuma ko sau ɗaya ba ka sa hannu a kwano tare da mu ba. Ina sane. Zo."

Tun daga Timsal abin da nake so ke nan. Wurin zama ne ɗan ƙarami, da gwiwar mutum a kowane gefe. Na durƙusa har na ji zafin kaskon a fuskata. Sai na tuna duk wanda ke ɗakin nan ya ci. A cikin mutanen tafiyar, bakina ne kaɗai bai taɓa naman ba, don kullum ina gaba.

"Na ƙoshi, Lalla."

Cikina ya yi ƙara, kowa ya ji.

"Cikinka dai bai ƙoshi da ƙarya ba," in ji Zayid. "Ci mana, malam. Ko sai an yanka maka naka?"

Na miƙe na je na ɗauki katakon. Ya fi yadda nake zato nauyi. Dadda Haddu bai ce ɗauka ba, bai ce ajiye ba. Ya dai kwance igiyar goyon katakon daga ƙugunsa ya tura mini da ƙafa.

Si Yunus ya biyo ni waje.

"Iddir, ka saurare ni. Mutane tsohon suke bi. Gemunsa, da sandarsa. Ban ce ba ka isa ba, amma in na sa hotonka ba wanda zai tsaya ya kalla. Ni kuma na ci, ba zan iya bin ka ba."

"Na sani, Si Yunus."

"To me za ka je yi?"

Na raɓa ta jikin bango don kada in taka jinin, ko da yake bai shafe ni ba. Lalla Itto ta aiko yaro da gudu ya kawo mini burodi da safa. Ta ce a gaya mini burodin bai taɓa romo ba.

Lalla Tuda tana bakin ƙofa da mayafinta na biki lokacin da na sauko. Ta duba bayana, ta daɗe tana dubawa. Na gaya mata abin da ya faru. Ta shafa katakon, ta kai hanci ta shinshina.

"Itto ta yi daidai," ta ce. "Kai ma ka yi daidai. Shigo ka cinye kazar nan, ta gaji da hawa wuta."

Daga Igarman ba wanda ya yi mini gaba. Sunayen matan da suka rage suna kan Lalla Itto, ni kuma na ji nauyin kiranta. Ina isa ƙauye sai in nufi masallaci in ce baƙon Allah ne, a ba ni tabarma a ɗakin alwala ko a shagon wani. Ba ruwan gishiri, ba wanda ya san ina tafe. Wasu sun ji labari, sai su ce, "Ina tsohon?" In ce ya tsaya. Sai su kalli katakon, su kalle ni, su ce Allah ya ba shi lafiya. Ƙanƙara ta ƙare, taɓo ya fara, sannan kwalta. Sau da yawa ƙirjina ya cushe irin yadda yake yi mini, motocin Agadir suna wucewa ta gefena. Ban tsayar da ko ɗaya ba.

Na shiga birni da hantsi ana yayyafi. Na jingine katakon a jikin katangar ofishin, kusa da ƙofa, na tsaya. Mutane suna shiga da takardu a ƙarƙashin lema, suna fita. Mai gadi ya ƙaraso, mutum mai fara'a.

"Na sayarwa ne?"

Na gaya masa na gadar Timsal ne, na gaya masa komai.

"Af, ku ne na tsohon nan? Matata tana son shi, kullum sai ta nuna mini shi a waya. Yana ina?"

"Ya tsaya a hanya."

"Kash. Da shi ne da an fito." Ya ce zan iya tsayawa, kada dai in tare ƙofa.

Na tsaya har aka tashi aiki. Washegari na dawo na sake tsayawa. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya tambaye ni. Wajen la'asar ƙafata ta hagu ta kumbura har takalmin ya ƙi ɗaukarta, mai gadin ya nuna mini wani ɗakin shan magani a bayan layi. Na bar katakon a wurinsa, don wurinsa ke nan. Ma'aikaciyar ta buɗe safar, ta ga yatsun, ta kira wata.

Da na dawo ina ɗingishi an rufe ofis, an canja mai gadi, katangar ba komai. Ban tambayi kowa ba. Hancina ne ya gaya mini. Duk ɗan Timsal ya san ƙanshin al'ul a wuta. A tsallaken titi masu gadin motoci sun hura wuta a cikin rabin garwa, sun zagaye ta su huɗu, da butar shayi a kai.

"Kai, ɗan dutse, zo ka ji ɗumi," in ji ɗayansu. "Tun jiya muke ganinka a tsaye kamar an dasa ka. Wa kake jira?"

"Ba kowa."

"To zauna. Allah ya jefo mana itace mai kyau yau."

Suka matsa suka ba ni wuri a kan kwali. Aka zuba mini shayi da tazargade, aka raba burodi ɗaya gida biyar. Na ci. Gwiwar wani tana taɓa tawa. Da wutar ta lafa na sa tsinke na tono ƙusoshin biyu daga toka, na jira suka huce, na sa a aljihu. Ɗayansu ya tambaye ni me zan yi da su, na ce na gida ne.

Ina Timsal yanzu. Rafi ya sake cika, ranar Laraba muna jin hayaniyar kasuwa daga tsallake. Dadda Haddu yana raye, tarin ya yi sauƙi. Na kai masa ƙusoshin, ya juya su a tafin hannu ya ce in ajiye a taga.

Abin da tafiyar ta ci: rago ɗaya, allurar azurfa biyu, kazar Lalla Tuda, yatsu biyu na ƙafata ta hagu, katako ɗaya. Sai kuma gaisuwar da ke tsakanin Dadda Haddu da Lalla Itto, ita ma ta tafi. Kullum da safe tana aika masa kunu, yana shanyewa, ya mayar da kwanon ba saƙo.